Agadas ta san ƙarfen Japan, saura mutanenta

A watan Janairu na 1997, lokacin da hazon hunturu ya lulluɓe hasumiyar babban masallaci, motocin tseren Dakar suka shigo Agadas suka yada zango. A shekarar nan Agadas ce tsakiyar tafiyar: daga Dakar aka taso, a nan aka juya, aka sake komawa Dakar. Da aka kai ƙarshe, wanda ya zo na ɗaya a rukunin motoci wani Bajapane ne mai suna Kenjiro Shinozuka, cikin Mitsubishi Pajero, kuma shi ne mutumin Japan na farko da ya taɓa cin wannan gasa. Ya rasu a watan Maris na 2024 yana da shekara 75. Yaran da suka yi ta gudu cikin ƙurar motocin nan yau magidanta ne. A tambaye su irin motar, za su faɗa ba tare da dogon tunani ba. A tambaye su yadda mai motar yake gaida mahaifinsa, ko abin da yake ji a unguwarsu idan rana ta yi sanyi, sai a ji shiru.

Wannan shi ne sanin shanun da ke tsakanin Agadas da Japan. Land Cruiser ce ta yi ta kai ƴan yawon buɗe ido Timiya da Tenere a zamanin da suke zuwa. Hilux ce ke bin hanyar Dirku da Libiya, ita ce kuma ta kwashi masu neman zinariya zuwa Jado daga 2014. Makanikin tasha yana gane ciwon injin Toyota da kunne tun kafin a buɗe masa. Uwargida ta san Ajinomoto, farin magin da wani malamin kimiyya na Tokyo ya samo asalinsa daga ganyen teku a 1908. Ma'aikacin gwamnati ya san buhun shinkafar taimako ta Japan da ke biyowa ta rumbunan OPVN. Kowa ya riƙe wani abu nasu a hannu, amma su kansu mutanen ba a san muryarsu ba.

Akwai kuma wata alaƙar da ta fi waɗannan nauyi, tana can ƙarƙashin ƙasa, kilomita wajen 240 arewa da gari. A kamfanin Cominak, wanda aka kafa a 1974 don haƙar uranium a Akuta, kusa da Arlit, Faransa ta riƙe kashi 34 cikin 100, Nijar 31, Ispaniya 10, sauran 25 kuwa na wani kamfanin Japan ne mai suna OURD. An fara fitar da ma'adini a 1978, daga rami mai zurfin mita 250, garin Akokan kuma ya tashi a gefensa. Shekara arba'in da ƴan kai kamyo-kamyo na bin titin Tawa ɗauke da gangunan garin nan mai ruwan ɗorawa zuwa gaɓar teku. Wani sashe nasa ya ƙare a tashoshin lantarkin Japan. Ke nan ɗan Abzin da ya shiga rami da fitila a goshi yana da hannu a hasken titunan da bai taɓa gani ba. To, waɗanne irin tituna ne?

Ƙarfe biyar na yamma

Japan tana gaban Nijar da awa takwas. Idan ƙarfe tara na safe ta yi a Agadas, lokacin da wasu ma'aikata ke tura ƙofar biro, wasu kuma ba su gama da mai shayi ba, a can biyar ce ta yamma. A daidai wannan lokaci, a mafi yawan garuruwa da ƙauyukan ƙasar, lasifikokin da aka ɗaure bisa dogayen turaku a kowace unguwa sukan saki wani ɗan kiɗa mai taushi, galibi sautin wata tsohuwar waƙar yara mai maganar faɗuwar rana. Ba ya wuce minti guda. Yaran da ke wasa a fili sun san ma'anarsa: a tattara a tafi gida. Uwaye a ɗakin girki su ma sun sani. Wasu garuruwa sukan matso da lokacin gaba kaɗan a damunar sanyinsu, da yake rana kan faɗi da wuri.

Baƙo zai ɗauka nishaɗi ne kawai. Alhali kuwa lasifikokin nan na hukumar gari ne, an kafa su domin shelar girgizar ƙasa, guguwa da ambaliyar teku, kiɗan yamman kuma gwaji ne. Kullum sai an gwada, domin ranar da turaku guda ya yi shiru a sani tun da wuri, a gyara kafin ranar buƙata. Wanda ya ga abin da ruwan Telwa ya yi wa Agadas a farkon Satumba na 2009, sa'ad da ya fasa madatsa ya shigo gari ya narkar da dubban gidajen ƙasa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kayan aiki da yawa an kawo a wannan ƙasa, an yi bikin buɗewa, an yanka zare, an tafa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai danna maɓalli kowace rana ya ji ko abin yana da rai.

Tsoron mutanen Agadas ruwa ne, don gidajensu na laka ne. Tsoron Japanawa na asali wuta ce, don nasu na katako ne da takarda. A girgizar ƙasar 1923 mutum fiye da 100,000 suka hallaka a Tokyo da kewayenta, akasarinsu gobara ce ta ci su. Shi ya sa har yanzu, a ƙarshen watan Disamba, magidantan unguwa kan fita da dare su biyar su shida, suna zagaya lunguna suna buga wasu itatuwa biyu masu ƙara kamar tsinkewar ƙashi, suna kira a kula da wuta. Ba a biyan su ko tamma. Bi da bi ake yi, kamar yadda ake zagaya wani allo mai ɗauke da sanarwar unguwa daga gida zuwa gida, kowa ya karanta ya sa hannu ya miƙa wa maƙwabci.

Sauran sautukan kuwa suna bin yanayin shekara. Da sanyi, mai gasasshen dankali yakan ratsa unguwa a hankali da ƴar motarsa, murhu na ci a baya, yana jan kiransa da murya mai tsawo irin ta ƴan tallan fura. Da zafi, wasu ƙwari masu kama da gyare sukan cika bishiyoyi da kuka har sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi, mutane kuma su rataya ƴar ƙararrawar gilashi a taga, wai jin kaɗawarta kaɗai yana rage zafi. Daren shiga sabuwar shekara, wuraren ibadar mabiya Buda sukan buga babbar ƙararrawa sau 108, adadin sha'awace-sha'awacen da suka ce suna damun zuciyar ɗan Adam. Ba addininsu ɗaya da mutanen Abzin ba, wannan a fili yake: yawancinsu suna haɗa Shinto da Buda ne, Musulmi kaɗan ne, ko da yake masallacin Kobe yana tsaye tun 1935.

Inda aka fi mamaki kuwa shi ne wurin da babu sauti. Tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku tana ganin fasinja wajen miliyan 3 a rana guda. Amma a cikin tarago, ko da an matse kamar goro a huhu, ba a amsa waya, ba a hira da ƙarfi. Wani yana karatu, wani yana gyangyaɗi, sai ƙarar ƙafafun jirgi. Mutumin da ya saba da motar Agadas zuwa Yamai, inda kafin a kai Abalak an san sunan kowa da dalilin tafiyarsa, an raba dabino, an yi gardamar siyasa an shirya, wannan shirun zai yi masa kama da zaman makoki.

Abin da ɗan kasuwa zai lura da shi

Da mutum ya sa ƙafa a kanti, ma'aikata sukan ɗaga murya tare su yi masa maraba, ba kuma sa jiran amsa. Ba a ciniki. Kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin, babu albarka, babu a rage, babu gyara. Ba a miƙa kuɗi hannu da hannu, akwai ɗan faranti da ake ajiyewa a ciki. Wanda ya bar wa mai hidima canji don jin daɗi, ana iya biyo shi har titi a mayar masa. A gefen hanyoyi, har a ƙauyen da babu kowa, akwatunan sayar da abin sha suna tsaye da haskensu dare da rana, miliyoyinsu a faɗin ƙasar, cike da kuɗi, ba mai gadi.

Maganar tsintuwa ce ta fi ba da mamaki. A kusan kowace unguwa akwai ɗan ɗakin ƴan sanda da suke kira koban, wajen 6,000 a ƙasar, wanda bai fi shagon tela girma ba. Nan ake tambayar hanya, nan kuma ake kai abin da aka tsinta, tun daga laima har jakar kuɗi. A 2023, tsabar kuɗin da mutane suka tsinta suka kai wa ƴan sandan Tokyo kaɗai ya haura yen miliyar 4, wato fiye da miliyar 15 na sefa, kuma mafi yawansa ya koma hannun masu shi. Kada a ce duk tsarkin zuciya ne. Doka ta tsara abin: mai tsintuwa yana da ladan kashi 5 zuwa 20 cikin 100, idan kuma wata uku suka wuce ba a zo nema ba, abin ya zama nasa. Malaman fiƙihu a nan sun daɗe da karantar da hukuncin tsintuwa da cigiyar shekara guda, kuma ba a rasa masu aiki da shi a kasuwar Agadas ba. Bambancin shi ne a can an yi wa amana ofis, da rasit, da ranar ƙarewa, har yaro ɗan shekara shida ya san inda zai kai sulen da ya gani a ƙasa, ɗan sanda kuma ya zauna ya cika masa takarda ba tare da dariya ba.

Ga wanda zai yi hulɗar kasuwanci da su, akwai abu biyu da ya kamata ya riƙe. Katin suna da hannu biyu ake bayarwa, da hannu biyu ake karɓa, a karanta shi, a ajiye a kan tebur. Cusa shi a aljihun wando wulakanci ne. Na biyu, Bajapane ba ya son furta a'a. Idan ya ja numfashi ta haƙora ya ce abin zai ɗan yi wuya, to magana ta mutu. Bahaushen da ya san ma'anar a bari sai an duba ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Ma'aikacin gwamnati shi ma zai ga ƴan'uwansa. Takarda a ma'aikatar Japan takan bi tebur-tebur, kowa ya buga mata ɗan hatiminsa na jan tawada, daga ƙarami har babba, kafin a yanke shawara. Sai a 2020 gwamnati ta fara soke wajabcin hatimin a yawancin takardun hukuma. Jinkiri ke nan irin wanda aka sani. Amma a kan lokaci ba su da wasa. Idan jirgin ƙasa ya makara da minti biyar, tasha takan ba fasinja takardar shaida ya nuna wa shugabansa. A watan Nuwamba na 2017 wani kamfanin jirgi na kusa da Tokyo ya fitar da sanarwar neman gafara domin jirginsa ya tashi sakan 20 kafin lokaci. Direbobin da ke kwana biyu a kan ragowar titin Tawa zuwa Arlit, titin da aka shimfiɗa saboda uranium, su ne za su fi kowa jin daɗin wannan labari.

Tushen abin yana makaranta. A lakwal ɗin Japan yara ne ke share ajinsu, su goge daɓe, su wanke makewayi, kowace rana, malami yana cikinsu da tsintsiya. Su ne kuma ke raba wa junansu abincin rana. Ƴan kallon ƙwallon da aka gani a talabijin suna tsince shara a filin wasa a Rasha a 2018 da Katar a 2022 ba sabon abu suka yi ba. A titunan Tokyo ma kwandon shara yana da wuyar samu, an kwashe da yawa bayan harin iskar guba na 1995, kowa yakan koma gida da shararsa a jaka. Sai dai a kan shara ɗin nan akwai inda Japan ta zo ɗaukar darasi. Wani malamin jami'ar Kyoto, Shuichi Oyama, ya fara bincike a wani ƙauyen Hausawa na yankin Dogon Dutsi tun 2000, ya ga manoma suna kwasar sharar gida suna zubawa a kan faƙo. Ya bi abin a hankali ya gano dalili: shara tana tare yashi da ruwa, gara tana huda ƙasa, ƙwayoyin da ke cikin juji suna tsira. Daga nan ya shiga kwaso sharar birni da mota yana zubawa a filayen da suka mutu, yana shinge su, makiyaya suna samun ciyawa.

Gishiri, shayi da kunya

A ƙofar wasu gidajen abinci da kantuna a Japan, mai lura zai ga ƴan tulin farin gishiri guda biyu, dama da hagu, an murza su sun yi tsini. Wanda ya taɓa ganin kantu yana sauka daga raƙuman azalai na Bilma zai yi murmushi, don siffar ɗaya ce, sai dai nasu bai fi babban yatsa ba. A wurinsu gishiri abin tsarkakewa ne. Ƴan kokawar sumo sukan watsa shi a fage kafin su kama, wanda ya dawo daga jana'iza kuma yakan yayyafa shi a jiki kafin ya shiga gida. Ƙasarsu teku ta kewaye ta amma ba ta da gishirin dutse, da wahala kakanninsu suka riƙa dafa ruwan teku suna samun sa, kamar yadda matan Tigiddan Tesum ke shanya nasu a ƙananan ramuka.

Shayinsu kore ne kamar na Agadas, amma babu sukari, babu kumfar da ake tashi da ita daga sama, babu kuma zagaye uku. Duk da haka sun ba shi girman da ya wuce na abin sha. A ƙarni na 16, ƙarnin da aka fara gina hasumiyar Agadas a cikinsa, wani gwani mai suna Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya daidaita ƙa'idojin zaman shayi da ake bi har yau. Ɗakin ƙarami ne, ƙofar baƙi kuma ba ta kai santimita 70 ba, sai da rarrafe ake shiga. Jarumi komai girmansa dole ya kwance takobinsa ya rataye a waje, ya sunkuyar da kai. A ƙasar da takobi yake cikin suturar namiji, inda kuma ake kashe manyan rigingimu a gaban ƴar butar shayi bisa garwashi, wannan hikima ba baƙuwa ba ce.

Haka takalmi: ba a shiga gida da shi, akwai ɗan wuri a bakin ƙofa inda ake tuɓewa a juya bakinsa waje. A ɗakin gargajiya a kan tabarma ake zama, a kanta ake shimfiɗa da dare, da safe a naɗe. Wanda ya yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, ba ya dawowa ofis hannu sake, sai da tsaraba, har tashoshin jirgi sun cika da kantunan wannan kaɗai. Gaisuwa da rusunawa ake yi, zurfinta gwargwadon girman wanda ake gaisarwa, har mutum yakan rusuna yana magana a waya. Harshensu ma yana da kalmomi dabam na yi wa babba magana. Ba-Abzine da ke jan rawani ya rufe baki idan surukinsa ya shigo, da Bahaushiyar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sun san wannan gida, ko da ba su san harshensa ba: kunya ce ke riƙe da shi. Ita ce ke sa a mayar da jakar kuɗi. Ita ce kuma ke hana ma'aikaci tashi kafin shugabansa ko da dare ya raba, har aka sami kalma ta musamman, karoshi, ga wanda aiki ya kashe, aka kuma yi dokar yaƙi da abin a 2014.

Ranar da fitilu suka dushe

Ran Jumma'a 11 ga Maris na 2011, ƙarfe 2:46 na rana agogon Japan, lokacin da Agadas ke karyawa, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a tekun arewa maso gabas. Lasifikokin nan na kiɗan yamma suka koma aikinsu na gaskiya. A garin Minamisanriku wata ma'aikaciyar hukumar gari, ƴar shekara 24, ta tsaya a gaban makirufo tana ta kiran mutane su hau tudu har ruwa ya cim ma ginin. Ba ta tsira ba, amma da yawa sun tsira da muryarta. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓata sun haura 18,000. A Tokyo jirage suka tsaya, miliyoyin mutane suka taka zuwa gida ko suka kwana a ofis, a yankunan da abin ya shafa kuma aka ga layuka dogaye na masu jiran ruwa, ba turereniya.

Igiyar ruwan ta kuma mamaye tashar nukiliya ta Fukushima. Kafin ranar, ƙasar tana da tukwanen nukiliya 54 masu ba ta kusan kashi 30 cikin 100 na wutarta. Zuwa watan Mayu na 2012 babu ko ɗaya da ke aiki. A bazarar 2011 aka rage fitilun tashoshi, aka tsayar da matakala masu tafiya da kansu, aka kashe allunan talla, ma'aikata suka tuɓe kwat suka koma fifita da mafici. Mutanen Agadas, da suka saba da ɗaukewar wutar Nigelec a tsakiyar zafin Afrilu, ba za su ga abin kuka a nan ba. Amma dushewar nan ta iso Abzin ta wata hanya. Laba guda ta uranium, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, da ake sayarwa wajen dolar Amurka 70 a farkon 2011, ta faɗo ƙasa da 20 a ƙarshen 2016. A 2014 aka dakatar da aikin Imuraren, wanda matasan jihar suka ɗora wa dogon buri. Ran 31 ga Maris na 2021 Cominak ta rufe, bisa dalilin ƙarewar ma'adini da tsadar haƙa, bayan ta fitar da tan wajen 75,000. Ma'aikata kimanin 600 suka ajiye fitilunsu, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Japanawa sun riga sun miƙa kasonsu ga Faransawa. Abin da ya rage a gefen Akokan shi ne tsaunin dusar ma'adini mai tan wajen miliyan 20, kamar yadda a Fukushima aka tara miliyoyin buhunan gurɓatacciyar ƙasa da har yanzu ake neman inda za a kai su.

Akwai wani shirun kuma da ba girgiza ce ta kawo shi ba. Japan tana da mutum wajen miliyan 124, amma a 2024 jariran da Japanawa suka haifa ba su kai 700,000 ba. Nijar, da ba ta kai rubu'in wannan adadi na jama'a ba, tana haifar fiye da miliyan guda a shekara. Kusan mutum uku cikin goma a Japan sun wuce shekara 65. Ɗaruruwan makarantu ake rufewa kowace shekara don babu ɗalibai, gidajen da babu kowa a ciki sun kai miliyan 9 a ƙidayar 2023, ƴan sanda kuma sun ƙirga fiye da mutum 70,000 masu zaman kaɗaici da suka mutu a ɗakunansu a 2024, wasu sai bayan makonni aka sani. A 2021 har minista aka naɗa don matsalar kaɗaici. A garin da ba a rasa wanda zai leƙo ya ce ina kwana, ko da don ya ari garwashi ne, wannan labari ya fi na sakan 20 wuyar gaskatawa.

Don haka ƙasar ta fara buɗe ƙofarta, a hankali, irin ta ɗakin shayi. Ma'aikata baƙi sun haura miliyan 2 a 2023, yawancinsu daga Biyetnam, Sin, Filifin da Nepal. Su ne ke tsaye a kantunan dare, su ne ke ɗaga tsofaffi daga gado. A ƙauyukan duwatsu kiɗan ƙarfe biyar yana nan yana tashi kowace yamma, yana kiran yara gida, ko a inda yaro na ƙarshe ya daɗe da girma ya tafi birni. A daidai wannan sa'a rana ta ɗaga a Agadas, azuzuwan lakwal sun cika maƙil, wasu ɗalibai a kan tabarma ƙarƙashin rumfar zana. A bakin gari kuma, tun da aka soke dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, Hilux-Hilux sun koma lodi a fili. Samari suna hawa baya, kowa ya rufe fuska da rawani, ya saƙalo ƙafafu waje, ya riƙe sandar da aka kafa masa a tsakani don kada ya faɗo idan barci ya ɗauke shi a hanyar Dirku.